Mu Tara Dattawanmu Su Motsa Jiki



Mu da muka sha gudu a filin makaranta, yau da yawanmu sai mun dafa gwiwa kafin mu tashi daga tabarma. Cikin malamanmu kuwa wasu sun koma yin salla a zaune. Kowa ya san Aliero da gwanayen masu ɗori, amma ƙashin tsoho ba ya saurin kamawa. Faɗuwa ɗaya a makewayi tana iya kwantar da dattijo har ƙarshen ransa.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa duk wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki mai ƙarfafa gaɓoɓi da daidaita tsayuwa, aƙalla kwana 3 a mako, domin rage faɗuwa. Abin ba ya cin kuɗi. Kujera da bango sun isa: a tashi a zauna, a miƙe ƙafa, a juya idon sawu, a dafa bango a ɗaga dunduniya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara neman shawarar likita.

Tsoho shi kaɗai ba zai ɗore ba, amma cikin tsararrakinsa ana hira ana raha zai yi. Don haka ina roƙon 'yan'uwanmu na Jega da Aliero da Maiyama, kowane gari su samo zaure guda, a riƙa haɗuwa bayan la'asar, iyaye mata kuma su yi nasu a cikin gida. Mu fara da malamanmu.

Allah ya ƙara masu lafiya.