JAN TIRELA DA AMALANKE BA TARE DA HAƊARI BA

Jawabin malamin gona ga manoman Birnin Kudu da Gwaram

  

Sau biyu a shekara hanyoyinmu kan cika da masu jan kaya. Da bazara ana kai takin gida gona. Da kaka kuma ana kwaso dammunan gero da dawa, da buhunan gyaɗa da riɗi da shinkafa, zuwa gida ko zuwa kasuwa irin ta Sara. Wani da amalanken shanu, wani ya yi hayar tarakta da tirela, wani kuma ya ɗaura 'yar ƙaramar tirela a bayan jif ko a-kori-kura.

Na san wani zai ce, "Ai ni ba direba ba ne." Haka ne. Amma kayan naka ne, kai ne ke tsaye wurin lodi, kuma 'ya'yanka ne ke ɗarewa bisa buhuna. Saboda haka maganar ta shafe ka. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan: jan kaya ba wuya, tsai da shi ne aiki. Tarakta tana iya fizgar nauyin da birkinta ba zai iya riƙewa ba.

KA SAN NAUYIN KAYANKA

Lissafin mai sauƙi ne. Babban buhun hatsi wajen kilo 100 ne, watau buhu 10 tan ɗaya ke nan. Buhun takin zamani kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya. Takin gida kuwa in ya jiƙe ya fi busasshe nauyi ƙwarai, haka ma yashi da ƙasar gini. Kada ka dubi cikar tirela, ka dubi nauyi.

Yawancin tirelolin da muke gani a karkara ba su da birkin kansu. Injiniyoyin aikin gona na Amurka sun sa ƙa'ida a kan irinsu: kada nauyin tirela da kayanta ya wuce nauyin tarakta sau ɗaya da rabi, kada gudu kuma ya wuce kilomita 32 a awa. A Ingila doka ta hana ƙaramar mota jan tirela marar birki da ta wuce kilo 750, ko rabin nauyin motar. To, a ce tirelar ita kanta kilo 250 ce. Saura kilo 500, buhu biyar ke nan tak. Mai mota ya duba littafin motarsa, masu ƙera ta sun rubuta iyakar abin da za ta ja. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da asara. Garin neman gira kada a rasa ido.

YADDA AKE JERA KAYA

Tirela mai taya biyu kamar ma'auni take. In ka danne baya, gaba ya tashi. Don haka a fara jera kaya masu nauyi a ƙasa, bisa ƙarfen da ya haɗa tayoyi, a ɗan matsa gaba. In ka kasa kayan kashi goma, shida su zauna gaban tayoyi, huɗu a baya. Dama da hagu kuma su yi daidai.

In mota ce ke ja, nauyin da wuyan tirela zai ɗora mata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar duka. In ya gaza haka, da an ɗan yi gudu sai tirela ta fara kaɗa gindi, ta yi dama ta yi hagu. In ya yi yawa kuma, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya daina jin magana.

Amalanken shanu ma haka ne. In kaya suka rinjaya baya, karkiya takan ɗaga ta shaƙe shanu a maƙogwaro. In suka rinjaya gaba, ta danne musu wuya har ta yi musu gyambo, ga shi kuwa su ne za su yi maka huɗa da damina. Ga gwaji: bayan an gama lodi a fili mai laushi ba tudu, mutum ɗaya ya kama sandar amalanke. In ya ɗaga ta da ɗan nauyi kaɗan a hannunsa, lodi ya yi.

Kara da harawa ba su da nauyi, amma tsawonsu ke jawo kifewa a kwana ko a gefen kwazazzabo. A rage tsawo, a ɗaure da igiya tamau, gaba da baya da tsakiya.

WURIN HAƊI

A jikin tarakta wuri ɗaya ne aka yi domin ja, shi ne ƙarfen ja da ke can ƙasa a bayanta. Kada a yarda a ɗaura sarƙa ko tirela sama da nan. In aka ɗaura sama, kaya suka cije a yashi ko taɓo, gaban tarakta ne zai tashi ta kife ta baya bisa direba. Wannan kuwa cikin kamar daƙiƙa ɗaya da rabi yake faruwa, ba wanda zai iya dira.

Ƙusar da ke haɗa tirela da tarakta ta zama ta ainihi, mai 'yar makulli a ƙasa da ke hana ta tsalle a gargada. Guntun rodi ko tsohon noti ba ƙusar haɗi ba ne. A ƙara da sarƙa, domin ko ƙusa ta fita tirela ba za ta tsinke ta bi hanya ita kaɗai ba. In mota ce, sarƙa biyu ake sawa, a gicciya su ƙarƙashin wuyan tirela don su tare shi in ya faɗo.

Lokacin da direba ke yo baya don a haɗa, kada kowa ya tsaya tsakanin tarakta da tirela. Sai ta tsaya cak an ja birki, sa'an nan a shiga. Kafin a kwance tirela mai kaya kuma, a sa wa tayoyinta weji.

TAYA

Tirela takan yi wata da watanni a ajiye cikin rana. Kafin kaka a kai wa mai faci ya duba iska da tsagewa. A jikin kowace taya an rubuta iyakar iska da nauyin da za ta ɗauka. A ɗaure notuna, a sa wa boris giris. Bayan an ɗan yi tafiya a tsaya a taɓa tsakiyar ƙafar. In ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, akwai matsala.

KAN HANYA

Ƙasarmu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar arewacin Jigawa. Muna da duwatsu da gangara da rafuka, tun daga Birnin Kudu har Fagam da Farin Dutse. A gangara ne tirela ke tura abin da ke jan ta. Direba ya sa ƙaramar giya tun kafin ya fara sauka, giyar da zai hau da ita, ita zai sauka da ita. Kada ya sa firi ko ya taka kuloci wai don tattalin mai.

Tarakta birki biyu gare ta, na dama da na hagu. A gona ana raba su, amma a kan titi tilas a kulle su tare, in ba haka ba taka ɗaya zai juya ta gefe guda.

Ku tuna, in gudu ya ninka biyu, nisan da birki zai ci kafin a tsaya ninkawa huɗu yake yi. In tirela ta fara kaɗa gindi a bayan mota, kada a danna birki da ƙarfi, kada a yi kokawa da sitiyari. A riƙe shi sosai, a ɗaga ƙafa daga totur har ta natsu, sa'an nan a tsaya a gyara lodi. A kwana kuma a buɗe, domin tayoyin tirela sukan yanke ta ciki.

DARE

Manyan motoci ba sa yankewa a titin Kano zuwa Ningi ta Babaldu, da na Gwaram zuwa Basirka. Amalanke ko tirela marar fitila, direban da ke tafe da gudu ba zai gan ta ba sai ya iso kanta. Mafi kyau a gama jigila kafin magariba. In dare ya zama tilas, a manna jar sitika mai ƙyalli a baya, dama da hagu, a rataya tocila. Kuɗinsu ba shi da yawa, sa kuwa kun san farashinsa. In haɗari ya auku a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122.

MUTUM BA KAYA BA NE

Kujera ɗaya ce a tarakta, ta direba. Kada yaro ya zauna bisa murfin taya, ko ya tsaya a kan wuyan tirela, ko ya hau ƙololuwar dammuna. Wanda ya zame daga nan, gaban taya yake faɗawa. Yaro ƙarami kuma kada a bar masa amalanke shi kaɗai a bakin titi.

Jama'a, kuɗinka ka biya, kana da bakin magana. In ka ga ƙusa ba makulli, ko lodi ya wuce kima, ka ce a gyara kafin a tashi. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko ofishin JARDA mafi kusa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye mu, ya ba mu albarkar noma. Wassalam.