Wa Ya Rubuta, Wa Ya Shigar? Lacca kan Sunan Mai Gyara a Git

Malamai, iyaye, ɗalibanmu na Ibohamane, da baƙin da suka taso daga Keita, Buza da Madawa, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin hannu ya san inda ake dubawa idan ana son sanin asalinsa: ƙarshen littafin. A nan mai kwafi yake faɗin sunan mawallafi, sannan ya rubuta nasa, ya roƙi gafara. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma littafi guda ya yi, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Magabatanmu ba sa karɓar magana sai sun san bakin da ta fito.

To, Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin gyare-gyaren Linux, ita ma haka take yi. Kowane gyara da aka ajiye yana ɗauke da sunaye biyu: na wanda ya rubuta shi, da na wanda ya shigar da shi cikin rumbu, kowanne da adireshin imel da lokaci. Wannan rabewa na yaba mata ƙwarai, domin ɗalibi yana iya rubuta gyara, malaminsa ya duba ya shigar, kuma ba a danne haƙƙin kowa ba.

Amma fa Git ba ta tambayar shaida. Abin da ka rubuta a matsayin sunanka, shi za ta ajiye. Na ga ɗalibai uku suna aiki a kwamfuta ɗaya ta aro, wata guda cur, kuma duk gyaran ya fita da sunan mai kwamfutar. Yarinyar da ta fi kowa wahala, ko sau ɗaya sunanta bai bayyana ba. Ranar da za ta nemi aiki, me za ta nuna? Abin ya tsaya mini a rai.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafarmu mu ƴan Nijar. Mutum ɗaya ne Mahamadou a takardar haihuwa, Muhammadu a makarantar allo, Mamman a gida, sai manhaja ta ƙirga shi mutum uku. Ba a gyara wannan da goge tarihi, domin kowane gyara yana da lambarsa, kuma sunan yana cikin abin da ake lissafa lambar da shi. Ka taɓa shi, lambobin duk gyaran da ya biyo baya sun sauya. Maganin shi ne fayil ɗin .mailmap, wanda ke haɗa sunayen wuri guda. Kuma ƙ da ɗ da ɓ duk Git na karɓarsu, kada kowa ya yanke wa sunansa ƙugiya.

Suna kaɗai kuma bai isa ba. A Maris 2024 Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz, aikin wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya shafe kimanin shekara biyu yana neman yardar mutane. Tun 2012 Git ke ba da damar sa hannu da mabuɗin sirri a kan kowane gyara. Sa hannun yana tabbatar da cewa mai mabuɗin ne ya yi. Sanin halinsa kuwa aikin jama'ar da ke tare da shi ne, kamar yadda malaman hadisi suke bin diddigin mai ruwaya.

Roƙona gare ku, malamai: kafin ɗalibi ya rubuta layi ɗaya, ku sa ya saita sunansa da imel ɗinsa, ko da kwamfutar ta aro ce.