A Sauya Na'ura, Kada A Sauya Mudu



Maganata a yau a kan na'urorin awon ruwan teku take. Na san wani zai ce, ina ruwan ɗan Bunkure da teku? To, a yi mini haƙuri, zan kawo zancen gida.

Tun shekarar 2000 ƙasashe da dama suka haɗa kai a wani shiri mai suna Argo, wanda a yau yake da na'urori kusan 4,000 a tekunan duniya. Kowace na'ura takan nutse har zurfin mita 2,000, sa'an nan ta taso tana auna zafin ruwa da gishirinsa, ta aika da sakamakon ta tauraron ɗan'adam, kusan kowane kwana 10. Abin da ke tafiyar da ita wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ce, da manhajar da aka rubuta mata.

Ita wannan ƙwaƙwalwa takan tsufa, masana'antu su daina ƙera irinta. Dole sai a ɗauki manhajar a mayar da ita kan sabuwa. A nan haɗarin yake, domin sabuwar tana iya bambanta da tsohuwar wajen ƙidayar lokaci, da cin batir, da yadda take rubuta lamba. Kuma na'urar da aka jefa teku ba ta dawowa wurin gyara.

Ga misali. Na'urorin APEX masu ƙwaƙwalwar APF8, idan ma'aunin matsin ruwa ya karkace ya ba da lambar da ta gaza sifiri a saman teku, sai su rubuta sifiri kawai. Ta haka kuskuren zurfi yakan ɓuya. Ƙwaƙwalwar APF9 da ta gaje ta takan aiko da lambar yadda take. Saboda haka duk masanin da zai gwama awon biyun, tilas ya san wace ƙwaƙwalwa ce ta aiko da kowanne.

Yanzu mu dawo gida. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Manomin shinkafa da na tumatir da ke ƙarshen magudana, rabonsa ya dogara ne a kan awo. Duk ranar da aka ɗora awon nan a kan na'urar lantarki, ranar sauya ta ma tana tafe, kuma mu ɗaliban yau za a kira.

Shawarata uku ce. A rubuta ma'anar kowace lamba da tsohuwar manhaja ke fitarwa. A ajiye tsohuwar na'ura da sabuwa gefe da gefe, su auna ruwa ɗaya har rani ya wuce. Sa'an nan a rubuta ranar da aka yi sauyin a littafin awo. Mai sauya mudu a ɓoye, ko da bai yi nufi ba, ya ci haƙƙin wani.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.