Neman Asalin Gadon Halitta Ta Hanyar Dabarun Lissafi



Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wani dogon rubutu cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda masana ke kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, watau A, C, G da T. Iyaye ke kwafa wa 'ya'yansu shi, kuma wajen kwafar akan sami wani harafi ya sāke. Kakanni sun shuɗe da nasu rubutun. Shin daga kwafin da ke jikin jikoki, za a iya gano abin da asalin ya ƙunsa?

A shekarar 1971 wani masani ɗan Amurka, Walter Fitch, ya nuna cewa idan an san bishiyar salsala, ana iya lissafo haruffan kakanni bisa ƙa'ida guda: a zaɓi bayanin da ke bukatar sauye-sauye mafi ƙaranci. Wahalar tana wajen gano bishiyar kanta. Samfuri 10 kaɗai ana iya tsara dangantakarsu ta hanyoyi 2,027,025. In sun kai 20, adadin sai ya zama mai lambobi 21 a rubuce, abin da ya fi ƙarfin a bi shi ɗaya bayan ɗaya ko da na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Saboda haka aka koma ga dabarun kintace. Akan fara da wata bishiya, a yanke reshe a ɗaura shi wani wuri. In sauye-sauyen sun ragu a riƙe sabon tsarin, in ba haka ba a yar, har gyara ya ƙare. Amma mai hawan dutse cikin duhu yakan tsaya kan tudu yana zaton ƙololuwa ce. Shi ya sa akan maimaita aikin daga mafari daban-daban.

Amfanin wannan ilmi ya shafe mu kai tsaye. An daɗe ana ganin cewa harafin da ke jawo cutar sikila ya ɓullo sau da yawa a wurare daban-daban. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, ɗan Nijeriya, suka bi salsalarsa, suka ce sau ɗaya ya ɓullo, kimanin shekaru 7,300 da suka wuce.

Don haka ina jan hankalin ɗalibai: amsar da dabarun nan ke bayarwa zato ne mai ƙarfi, wanda ya wajaba a riƙa gwada shi da sababbin hujjoji.