JAWABI KAN NEMAN LASIN SAUKAR BAƘI GA MASU GIDAJE A DUBAI





Abin da ya tsayar da mu gabanku yau magana ce ta dukiya. A 'yan shekarun nan wasu daga cikin 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai saro kaya sun fara sayen gidaje a can, wasu kuma dillalai na ta zuga su da su saya. Abin da ake faɗa musu shi ne: saya kawai Alhaji, ka sa hotonsa a Airbnb, masu yawon buɗe ido su riƙa kwana suna biya, in ka zo kai ma ka sauka a naka. Zancen da daɗin ji. To amma akwai abin da dillali ba ya saurin faɗa: mallakar gida daban, izinin saukar da baƙi a cikinsa daban.

Saukar baƙi ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun da aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, iyayenmu masu gida ke saukar da fataken shanu da na goro, su ba su masauki, su tsaya musu a ciniki. Jarinsu amana ce da suna mai kyau. A Dubai kuwa, amana kaɗai ba ta isa, sai da takarda.

Ga yadda abin yake. Tun 2002 aka ba baƙi damar mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni na Dubai. A 2013 aka fitar da doka mai lamba 41 wadda ta hana kowa ba da gidansa hayar 'yan kwanaki ba tare da lasin ba. Da farko sai kamfanoni ke samu, amma daga 2016 aka yarda mai gida ya nema da kansa. Ofishin da ke bayarwa shi ne Hukumar Tattalin Arziki da Yawon Buɗe Ido ta Dubai, kuma ta intanet ake cike takardun. Hayar shekara, wadda ake yi wa rajista a tsarin Ejari, hanyarta daban ce, kada a haɗa su.

Me za a tambaye ka? Na farko, takardar mallakar gida daga Hukumar Filaye ta Dubai, da sunanka a kai. Na biyu, fasfo ko katin shaidar zama. Na uku, takardar kuɗin wuta da ruwa ta DEWA. Idan kuwa kai ma ɗan haya ne kake son saukar da baƙi, to sai da rubutacciyar yardar mai gidan. Dole gidan ya zama na kwana, ba shago ko ofis ba, a kuma ƙawata shi da gado, kujeru da kayan girki. Izinin na shekara 1 ne, kowace shekara sai an sabunta an biya, kuma kowane gida da nasa.

Bayan lasin ya fito, sai aiki ya fara. Gidan gaba ɗaya ake bayarwa. Irin tamu ta nan, a raba ɗaki-ɗaki ko a jera katifu kowa ya biya kuɗin kwanansa, laifi ne a can. Kowane baƙo sai an shigar da sunansa da fasfonsa a kwamfutar hukuma. Akwai kuma harajin yawon buɗe ido: dirhami 10 kan kowane ɗakin kwana a kowane dare, ko 15 idan gidan na alfarma ne. Wato gida mai ɗaki 2 da aka kwana 10 a ciki, dirhami 200 ke nan za ka karɓa hannun baƙo ka miƙa wa hukuma. Ba kuɗinka ba ne, ajiya ce. Wanda ya karya doka kuwa, tara na iya kaiwa dirhami 20,000, a ninka ta in ya maimaita.

To jama'a, wa zai tsaya kan duk wannan alhali kai kana Agege ko Shagamu? Kada mu manta, a watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, ba ta janye ba sai a Yuli na 2024. Jirgin Emirates ma bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoba, 2024. Kusan shekara 2 ke nan mai gida na iya rasa hanyar leƙa gidansa. Saboda haka mafi yawanmu sai mun damƙa gida ga kamfani mai lasin, shi kuma zai yanki kasonsa daga kuɗin haya. A nemi ganin lasin kamfanin, a rubuta yarjejeniya, a san wa zai biya tara idan an yi sakaci. Kada a bar gida hannun wani yaro don kawai ɗan garinmu ne. Sunanka ne a takarda, kai hukuma za ta nema.

Sai lissafi. Kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara ba ya jiran baƙo, kuma da dirhami ake biyansa. Dirhami a ɗaure yake da dala, wajen 3.67 a dala 1, mun kuma ga yadda naira ta faɗi daga 2023. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 40, baƙi su ragu, farashi ya sauka. Shi kuwa gidan da ba a gama ginawa ba, biya kawai za ka yi ta yi, babu lasin babu haya sai an miƙa makulli.

Ga masu hangen wasu ƙasashe, su sani lasin ba gado ba ne, ana iya sauya doka. A Landan tun 2015 ba ka wuce dare 90 a shekara ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba. A Basalona ta ƙasar Sifen, a 2024 hukuma ta ba da sanarwar cewa zuwa Nuwamba 2028 za ta kawo ƙarshen lasin gidaje wajen 10,000.

Don haka shawararmu ita ce: kafin ka ba da ko sisin kwabo, tambayi ko wannan gida zai samu lasin, nawa ake kashewa a shekara, kuma wa zai riƙe shi. Ka samu lauya naka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba. Matambayi ba ya ɓata. Guminmu na shekaru ya fi ƙarfin a yi cinikin biri a sama da shi.

Muna roƙon shugabanni su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su samu zuwa ba. Allah ya yi wa kasuwarmu albarka, ya mai da kowa gida lafiya.