Me Baƙo Ya Gani a Ɗakinmu?



Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya a Gumel ko Gagarawa ya san jere. Kakanninmu ƙore da faya-fayai da tasoshi suke jerawa. Daga baya langa da samira suka shigo, aka ɗora su hawa-hawa har kusa da rufi. Yau kabad mai gilashi ya karɓe su. Mu masu bi mukan ƙara da kalandar ikilisiya, da hoton aure, da takardar baftisma. Wannan ba laifi ba ne, ɗaki mai ado yana faranta zuciya.

Amma mun san iyayen da suka kora akuyar gida zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, suka taɓa geron rumbu tun da kaka, don kada a ce jeren 'yarsu bai kai na maƙwabta ba. Kwanukan nan kuwa ko tuwo ba a zubawa a ciki. Damina ta yi tsakiya, bango cike, rumbu wayam.

A Ishaya sura 39, jakadun Babila sun zo gaishe da Sarki Hezekiya bayan ya warke. Ya zaga da su, ya nuna musu azurfarsa da zinariyarsa da makamansa. Ba mu ji ya ba su labarin Wanda ya ƙara masa shekara 15 ba. Ishaya ya tambaye shi abin da baƙin suka gani, ya kuma shaida masa Babila za a kwashe kayan duka.

Bari mu yi addu'a domin iyayen da suke shirin aurar da 'ya'yansu bana, daga Sule Tankarkar har bakin iyaka.