Haƙorin Yarinta A Bakin Babba: Kada A Yi Gaggawar Cirewa

Wannan jawabi ne da aka shirya domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.



Yaro yakan fara haƙori yana ɗan wata 6. Kafin ya cika shekara 3, haƙoransa na yarinta sun kai 20. Daga shekara 6 sai ya fara famfara, har zuwa wajen shekara 12. Babba kuma haƙori 32 gare shi idan sun fito duka.

To, amma akan sami magidanci ko matar aure da ɗan ƙaramin haƙori a baki, wanda bai taɓa faɗuwa ba tun yarinta. Mene ne dalili?

Haƙorin girma shi ne yake tasowa daga ƙasa, ya cinye saiwar na yarinta, har ya yi girgiɗi ya faɗi. Wani mutum kuwa haka Allah ya halicce shi, babu haƙorin girma a wannan gurbi. An fi samun haka a matauna. Wani kuma yana da shi, amma ya karkace ya maƙale cikin ƙashi, musamman fiƙar sama. Wani saiwar ce ta manne da ƙashin muƙamuƙi, sai a ga haƙorin ya nutse, maƙwabtansa sun fi shi tsawo. Maganar da akan yi wa yara, wai idan ƙadangare ya ga haƙorin da ya faɗi wani ba zai fito ba, camfi ne kawai.

Ido ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin dasashi. Sai an ɗauki hoton haƙori a asibiti. Nan ne mutane da yawa suke yin asara. Mutum ya je kasuwa, kamar ta Maigatari ranar Alhamis, ya tarar da mai cire haƙori ya baza kaya, ya ce a cire masa, wai ai na yara ne, wani zai fito. Idan babu na girma a ƙasa, giɓi ya samu ke nan har abada. Haƙoran gefe su karkato cikin giɓin, tauna ta yi wuya. Ga kuma ƙarfen da ba a dafa ba, wanda zai iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau daga bakin wani.

Bayan hoto, likita zai zaɓi abin da ya dace. Idan haƙorin lafiya lau yake, saiwarsa da ƙarfi, sai a bar shi. Wannan ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma irin wannan haƙori yakan yi shekaru masu yawa yana aiki. Sai dai a riƙa goge shi da asuwaki ko buroshi safe da dare, a rage alewa da shayi mai sukari, domin ɓawonsa bai kai na haƙorin girma kauri ba. Idan ya yi rami, a cike. Idan ya gajarce, a ƙara masa tsawo ko a sa masa hula, kamar yadda ake sa haƙorin Makka.

Idan kuwa ya ruɓe ko yana girgiɗi, dole a cire. Daga nan akan sa haƙorin roba wanda ake cirewa da dare a wanke. Akwai wanda ake maƙalawa a jikin haƙoran gefe. Akwai kuma dashe, inda ake kafa ɗan ƙarfe cikin ƙashi a ɗora haƙori a kai. A ƙasar Suwidin aka fara yi wa mutum irin wannan dashe a 1965. Yana da tsada ƙwarai, kuma ba a yi wa yaron da bai gama girma ba. Haƙorin girma da ya maƙale kuwa, wani lokaci akan jawo shi a hankali da waya.

A fara zuwa asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel. Idan aikin ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum gaba, kamar Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano. Iyaye kuma su duba bakin 'ya'yansu. Yaron da ya wuce shekara 13 da sauran haƙorin yarinta, a kai shi a duba tun aikin yana da sauƙi.

Wassalam.